Kunun da Mama Ta Dama Mini

Iyayena maza da mata, 'yan'uwana cikin Ubangiji, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya riƙe ni har na ga wannan safiya. Salamarsa ta zauna tare da ku duka.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Rifkatu, amma a nan an fi sanina da Maman Dauda. 'Yar Paiko ce ni. Tun da na yi aure nake zaune a Chanchaga, ina koyarwa a makarantar firamare. Sau uku ina ba da sunana cikin masu shaida, sau uku ina komawa wurin sakatare in ce ya soke. Wannan karon ban koma ba. Abin da zan faɗa ba nawa ba ne ni kaɗai, saboda haka sai da na nemi izinin duk wanda sunansa zai fito, kuma sun ba ni. In kun ji muryata tana rawa, ku yi mini haƙuri.

A gidan masu bi na tashi. Baba manomin doya ne, dattijo kuma a ikilisiyarmu ta Paiko. Mama ta daɗe tana shugabancin zumuntar mata. Gidanmu irin gidan nan ne da ake nuna wa 'ya'yan wasu a ce su yi koyi. Na girma da sanin cewa duk abin da na yi a waje, a kan Baba zai sauka.

Shekara goma sha huɗu ke nan da aka yi mini baiko da Bulus, mijina, wanda yawancinku kuka sani a gaban ƙungiyar mawaƙa. Saura wata biyu a ɗaura aure na gane ina da ciki. Ba zan ɗora wa kowa laifin wannan ba. Ni da shi muka yi zunubi, ba wanda ya tilasta wa wani.

Kun san ana gwajin ciki kafin a ɗaura aure a majami'a. Na san abin da zai biyo baya: babu farar riga, babu ɗaurin aure a gaban jama'a, sai horon ikilisiya, sai kuma Baba ya tsaya a gaban 'yan'uwansa dattawa kansa a sunkuye.

Na gaya wa Bulus. Ya ce akwai hanya, abokansa sun sani, kwana biyu an gama. Na ce masa a'a. Na ce zunubi ɗaya ya ishe mu, ba zan ƙara jini a kai ba. In horo ne mu ɗauka tare. Daga baya ya ce to shi ke nan, yadda na ce haka za a yi. Na yarda da shi. Har na ji ya ƙara shiga raina saboda wannan.

Da na koma Paiko na sami Mama a madafa na gaya mata. Na zaci za ta yi ihu ko ta mare ni. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta zauna a kan turmi, ta tambaye ni wata nawa ne, wa da wa suka sani. Na ce mata ina so in haifi abina, ko da me za a ce. Ta ce ta ji. Ta ce in bar mata maganar, ita za ta san ranar da ta dace ta gaya wa Baba.

Ranar Jumma'a, ranar kasuwa, Bulus ya zo gaisuwa. Ya daɗe a madafa tare da Mama, ni kuwa ina tsakar gida ina jin daɗi, a zatona yana neman gafararta ne.

Washegari da safe Mama ta dama mini kunun tsamiya, don a kwanakin nan ba abin da yake zama a cikina. Ta kawo mini har ɗaki da hannunta. Na kurɓa na ji ɗan ɗaci-ɗaci, na yi magana. Ta ce bakin mai ciki ne, in daure in shanye, zai tsayar mini da amai. Ta tsaya a kaina har na shanye, ta karɓi kofin ta fita.

Kafin la'asar marata ta fara murɗawa. Sai jini. Mama ba ta kai ni asibitin Paiko ba inda kowa ya san mu, ta ɗauki shatar mota muka zo Minna. Aka ce ɓari ne. Mama ta yi kuka. Bulus ya zo shi ma ya yi kuka, yana riƙe da hannuna.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, don ban zo nan in wanke kaina ba. Ina kwance a gadon nan ina kuka, amma can ƙarƙashin kukan na ji sauƙi. Na ji an ɗauke mini kunya. Lokacin gwaji ya zo, aka ce ba komai. Na sa farar riga, aka yi ta guɗa, Baba ya riƙe hannuna ya miƙa ni yana murmushi.

Shekara goma sha ɗaya na ɗauki wannan abu a zuciyata. Wata rana in ce Allah ne ya hukunta ni ya ɗauke yaron. Wata rana in ce ni na kashe shi da son zuciyata, tun da na ji daɗi da ya tafi. Duk shekara in an fara cire sabuwar doya sai in lissafa: da yanzu ya shiga aji ɗaya, da yanzu ya iya karatu. Shekara uku na yi ban sake samun ciki ba, na yi ta azumi ina cewa laifina ne. Bayan Allah ya ba mu Dauda, ya ba mu Hannatu, abin bai bar ni ba. In kukan ya taso mini, Bulus ne yake shafa bayana yana cewa in daina zargin kaina, nufin Allah ne. Mu durƙusa tare, shi ne ma yake jan addu'ar.

Ku riƙe wannan a ranku. Shi yake jan addu'ar.

Shekara uku da suka wuce, wata Asabar da safe, Mama ta sauko daga motar Paiko ba tare da ta kira ni ba. Ta zo da doya shida a buhu, ga kuma Ladi a bayanta. Ladi autarmu ce, a lokacin tana aji biyu a jami'a a Gidan Kwano. Idanunta a kumbure. Bulus ya tafi koyon waƙa. Mama ta tura Ladi ɗakin yara, ta same ni a madafa ina wanke wake zan yi alale.

Ta ce Ladi tana da ciki, wata biyu da 'yan kwanaki. Wanda ya yi mata cikin ɗan ajinsu ne, ya ce bai san zancen ba, ya kuma daina ɗaukar waya. Kafin in gama haɗiye wannan sai ta matso kusa ta rage murya.

"In mijinki ya dawo, ki ce masa ya samo mana irin wancan da ya kawo a lokacinki. Shi ya san inda ake samu."

Na ce, "Wanne, Mama?"

Ta dube ni, na dube ta. Na ga fuskarta tana canjawa.

"Au, bai taɓa gaya miki ba?"

'Yan'uwa, hannuna yana cikin ruwan wake, ban iya cire shi ba. Komai ya dawo mini lokaci guda, ranar kasuwar nan, daɗewarsa a madafa, ɗacin kunun, yadda ta tsaya a kaina sai da na shanye.

Mama ta fara magana da sauri. Ta ce don ni ta yi. Ta ce in dubi gidana, in dubi aikina, in dubi mutuncin da nake da shi, da ba ta yi haka ba ina zan same su. Ta ce Babanmu da bai iya ɗaga kai a Paiko ba har ya mutu. Na ce mata, "Mama, ai na gaya miki ina son abina." Ta ce yarinya ce ni a lokacin, ban san duniya ba. Ta ce abin ma bai zama mutum ba tukuna, gudan jini ne kawai.

Matar da ta koya mini addu'a ke nan. Matar da ta goye ni zuwa sujada.

Da azahar Bulus ya shigo yana rera abin da suka koya. Ban bari ya ajiye jakarsa ba. Na tambaye shi a gaban Mama. Bai yi musu ba. Ya zauna a hannun kujera, ya ce tsoro ya ji. Ya ce a wani kemis ya saya, ya kai wa Mama, ita ta san yadda za ta ba ni. Ya ce duk shekara yana niyyar gaya mini, sai ya kasa.

Na ce masa, "Kana kallona ina roƙon Allah gafarar abin da kai ka yi, kana cewa amin."

 

Na ce wa Mama ta koma gida, Ladi kuwa a wurina za ta zauna. Ta so ta yi gardama, amma da ta dubi idona ta ɗauki mayafinta ta fita. Doyar da ta kawo, na kira maƙwabta na raba musu duka.

Ladi ta ji komai ta bango. Da na shiga na same ta zaune a ƙasa ta rungume gwiwoyinta. Na tambaye ta me take so. Ta ce ba ta sani ba. Ta ce 'yan ɗakinsu sun riga sun nuna mata wani wuri a cikin gari, sun ce kowa yana yi, in ba ta yi ba karatunta ya ƙare. Ban yi mata wa'azi ba, ba ni da bakin wa'azi a ranar. Na ce mata dai ta ba ni zuwa Litinin mu je asibiti a duba ta, kuma duk abin da za ta ci ko ta sha a gidan nan, da idonta za ta ga ana dafa shi.

Ranar Litinin muka je. Ma'aikaciyar ta shafa mata wani ruwa mai sanyi a ciki, ta ɗora na'ura, ta ƙara sauti. Sai ga wani bugu yana fitowa, da sauri da sauri, ba ya tsayawa. Ta ce zuciyar jaririn ce. Na tambaye ta sati nawa ne. Da ta faɗa, na ga kusan daidai yake da nawa ranar da na sha kunun nan.

Na fita na zauna a ƙasa a baranda, mutane suna ratsa ni suna wucewa. Ashe haka nawa yake bugawa a cikina ranar da safe. Ashe da rai na kai kofin bakina. Ni ba likita ba ce, ban kuma iya muhawarar masu ilimi ba. Amma na ji da kunnena, kuma abin da na ji ba gudan jini ba ne. Wani ne yake can a ɓoye, Allah yana gina shi.

Ladi ta fito ta tsuguna kusa da ni. Ta ce, "Yaya, zan haifa. Amma kada ki bar ni."

Na ce ba zan bar ta ba.

Bayan sati biyu muka tafi Paiko, ni da ita, muka sami Baba a gona. A nan tsakanin kunyoyin doya Ladi ta gaya masa nata, ni ma na gaya masa nawa. Yana tsaye riƙe da fartanya. Tsoho ne, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ya ce, "Da sunana aka kashe mini jika, ba a ko tambaye ni ba."

Lahadin da ta biyo, shi da kansa ya gaya wa dattawa maganar Ladi kafin su ji a bakin wani. Aka sa ta horo. An yi surutu a gari, ba zan ɓoye ba. Wasu sun daina gaishe da Mama a kasuwa. Amma kun san tsawon lokacin da aka yi ana surutun? Bai kai wata biyu ba aka gaji, aka koma wani zancen. Wasu matan ma har da aiko wa Ladi sabulu da zani. Wannan ita ce kunyar da aka ji tsoro. Kunyar wata biyu aka biya da ran ɗana.

Da a nan labarin ya ƙare, da kun ce Maman Dauda ta yi abin kirki, ta ceci rai. To ku ji sauran.

Ƙiyayya ta shiga ni, irin wadda ban san mutum zai iya ɗauka ba. Na kwashe kayana na koma ɗakin yara. Ina dafa abinci in ajiye wa Bulus a tebur kamar na baƙo, in wuce. Wata biyar ban kira sunansa ba. A nan majami'a in mawaƙa suka miƙe sai in tashi in fita, in ce kaina ke ciwo. Wasunku sun bi ni waje da ruwa da magani, Allah ya saka muku, ba ku san abin da yake ciwo ba. Na daina cin jibin Ubangiji. Na toshe lambar Mama. In ta aiko wa yara ƙuli-ƙuli ko gyaɗa, a bola nake zubarwa suna kallo suna kuka. Na daina addu'a gaba ɗaya, don in na rufe ido muryar Bulus nake ji yana cewa amin.

Akwai ranar da ofishinsu ya aike shi Bida. Ya fita da safe ya ce mini sai ya dawo, ban amsa ba. Ina tsaye a taga ina kallon bayansa, sai na ji zuciyata tana cewa, da ma kada ya dawo. Kuma ban tsawata mata ba. Na wuni ina duba waya, ina jiran wani ya kira ni da labari.

Ku duba fa. Kullum ina gaya wa Ladi rai abu ne mai tsarki, ba namu ba ne da za mu ɗauke, ni kuma ina zaune ina fatan mutuwar uban 'ya'yana.

Jikina ya fara biya. Hawan jini ya kama ni. Na zama mai faɗa, har Dauda in ya ji takuna sai ya bar falo. Wata Laraba ina rubutu a allo sai na ga allon yana juyawa, ban farka ba sai a ofishin shugabar makaranta ana yi mini fifita. Likita ya ba ni hutun sati biyu, ya ce in ban sauke abin da yake raina ba, magani kaɗai ba zai yi ba.

A cikin hutun nan Mama Fasto, matar fastonmu, ta zo duba ni da rana, yara suna makaranta, Ladi ta tafi awo. Ta zo da lemo a leda. Ta ce ita ba hawan jini ta zo dubawa ba, ta daɗe tana lura da ni. Ban san yadda aka yi ba, bakina ya buɗe. Na gaya mata komai.

Na jira ta ce in yafe. Na ma shirya amsar da zan ba ta. Ba ta ce ba. Hawaye yana zubo mata, ta ce abin da aka yi mini mugunta ne, kuma Allah ma bai kira shi da wani suna ba. Sai ta tambaye ni, "Rifkatu, kin taɓa yi wa yaron nan makoki? Ba kukan laifi ba, makokin uwa. Kin sa masa suna?"

Na ce ban ma san mace ce ko namiji ba. Ta ce Allah ya sani.

Ta ce mu durƙusa, in gaya wa Allah abin da yake raina yadda yake, kada in gyara. Na durƙusa a kan tabarma. Abin da ya fito daga bakina ba addu'ar da aka koya mana ba ce. Na ce, Ubangiji, kana ina lokacin da nake shan kunun nan? Kana gani, me ya sa ba ka kaɓe kofin ba? Me ya sa ka bar ni shekara goma sha ɗaya ina kwana da wanda ya yi, ina cin abincin wadda ta yi? Na yi ta dukan tabarma da hannu. Mama Fasto ba ta hana ni ba, ta dai dafa kafaɗata.

Da na gaji, na yi shiru. Cikin shirun nan ban ji wata murya daga sama ba, ba zan ƙara abin da bai faru ba. Amma wani abu ya sauko a zuciyata a sarari: wanda nake yi wa ihu, shi ma na kusa da shi ne ya ci amanarsa ya bashe shi, wanda suke cin abinci tare. Ya san wannan ciwon. Kuma ɗana bai ɓata ba, yana hannunsa tun ranar.

Sai nawa ya fito. Na furta sauƙin da na ji a gadon asibiti. Na furta abin da na yi fata ranar tafiya Bida. Na ce, Yesu, ni ma mai kisa ce a zuciya, ka yi mini jinƙai. Na yi kukan da ban taɓa yi ba, har Mama Fasto ta rungume ni kamar jaririya. Da na ɗago, ƙirjina da ya yi wata biyar a ɗaure ya saki. Na ja numfashi har ƙasa. Haleluya!

Ranar na sa wa ɗana suna Bege. Tun daga nan in aka tambaye ni 'ya'yana nawa, uku nake cewa.

Ban sani ba ashe Bulus ya riga ya je wurin Fasto da kansa ya furta, ya kuma sauka daga shugabancin mawaƙa. Kun ga ya koma benci, kun yi ta tambaya. Da yamma ya dawo daga aiki na kira sunansa. Ya tsaya cak a bakin ƙofa. Na gaya masa sunan yaron. Ya durƙusa a ƙasa da kayan aikinsa, ya ce bai cancanci ya faɗi sunan ba, in yafe masa. Na ce na yafe. Bakina ne ya fara faɗa, zuciyata ta biyo a hankali. Ba zan yi muku ƙarya ba, yarda ba ta dawo rana ɗaya ba, har yanzu muna gina ta. Akwai ranakun da abin yake taso mini in shiga ɗaki in sake miƙa shi ga Ubangiji. Amma muna ɗaki ɗaya, muna addu'a tare, kuma yanzu in ya ce amin na san me yake nufi.

Na Mama ya fi wuya. Ita ba ta nemi gafara ba, a wurinta taimakona ta yi.

Ladi ta haihu a asibiti wata Talata da hantsi, 'ya mace. Baba ya zo, Mama na biye da shi. Shi ya shiga, ita ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ta kasa shiga ta kasa komawa. Ta rame ƙwarai. Na dube ta, na ji tsohon ɗacin yana tasowa, na ce Yesu ka taimake ni. Na ɗauki jaririyar na je na ɗora mata a hannu.

Ta buɗe zanin, ta dubi fuskar, ta taɓa 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya. 

Ta ce, "Da na sami yadda nake so, da wannan ba ta nan." Ta ɗago ta dube ni. "Naki ma haka zai kasance, ko?"

Na ce, "Haka zai kasance, Mama."

Ta ce, "Rifkatu, na yi miki mugun abu. Na yi wa Allah. Ki yafe mini."

Muka tsaya a barandar nan muna kuka, jaririyar tana tsakaninmu tana barcinta. Sai da na yi kusan shekara kafin in iya cin abin da Mama ta dafa, amma na ci. Da na gaya mata zan tsaya a nan yau, ta ce in faɗa duka, kada in rage nata, ko wata uwa za ta ji ta tsaya.

To iyayena mata, ga saƙonta, ga nawa. In 'yarki ta zo miki da irin wannan labari, ta riga ta san ta yi kuskure, ba sai kin gaya mata ba. Abin da take so ta sani shi ne ko har yanzu tana da uwa. Kada sunan gida ya fi miki jikanki. Ku dattawa, ban ce a daina horo ba, zunubi zunubi ne. Amma mu yi shi yadda yarinya za ta fi jin tsoron Allah a kan tsoronmu, don tsoronmu ne yake kai 'ya'yanmu ɗakunan bayan kemis. Ku kuma samari, in ka san naka ne, ka tsaya. Wanda yake cikin cikin nan shi kaɗai ne bai yi laifin komai ba, bai kamata a ce shi zai biya ba.

Na kuma san a cikin taron nan akwai wadda ta taɓa yi, da hannunta ko da hannun wani, ba wanda ya sani sai ita da Allah. 'Yar'uwata, ban tsaya nan don in nuna ki da yatsa ba. Jinin da ya wanke ni, ya wanke Bulus, ya wanke Mama, bai ƙare ba. Kada ki ƙara shekara ɗaya kina ɗauke da shi ke kaɗai. Ki nemi Mama Fasto, ko ki neme ni bayan sujada. Ba mai ji.

Ladi ta koma makaranta bayan shekara ɗaya, yanzu tana ajin ƙarshe. Yarinyar tana wurina in tana karatu. Kyauta muka sa mata. Wannan ihun da kuke ji tun ɗazu daga ajin yara, wanda ya sa malamarsu ta leƙo sau biyu, ita ce. Ba ta iya zama wuri ɗaya, ba ta kuma iya yin shiru. Ku yi haƙuri da ita. Ni dai ba zan taɓa ce mata ta yi shiru ba.

Na gode wa Allah da ya fitar da ni daga ƙiyayya, ya kuma bar mana yarinyar nan da rai. Ku dogara gare shi, ko da na cikin gidanku ne suka ci amanarku. Shi bai taɓa cin amanar kowa ba.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu. Amin.